Asabar: ni da Husna da mutanen Maycomb

Yau ban yi niyyar taɓa littafi ba. Wanki na tara tun Laraba, ga wake na jiƙa zan yi alala. Da hantsi sai ga Husna, 'yar yayana, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zube jaka a kan tabarma. Malaminsu na adabin Turanci ya ba su aikin gida: kowa ya zaɓi mutum ɗaya a cikin To Kill a Mockingbird na Harper Lee, ya yi sharhin halinsa, ya nuna yadda ya fito da jigon littafin. Ranar Litinin za a karɓa.

"Gwaggo, ke ai kin karanta. Ki faɗa min jigogin kawai in rubuta."

Na ce ina littafin? Sai ta zaro wata 'yar ƙasida, irin ta taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta. Shi kuwa littafin yana can ƙasan jaka, sabo fil, ko lanƙwasa bangonsa ba a yi ba. A ƙasidar an jera mata wariyar launin fata, jarumta, ƙuruciya, ta haddace su tsaf. Na ce ajiye, zo ki taya ni murje waken nan.

Hannunmu na cikin ruwa na ba ta shimfiɗa. A 1960 littafin ya fito, shekarar da ta biyo ya ci Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka. Labarin ya faru ne tsakanin 1933 da 1935 a Maycomb, garin da marubuciyar ta ƙirƙira a jihar Alabama, kudancin Amurka, lokacin da tattalin arziki ya karye har manomi kan biya lauya da itacen girki da ganyen miya. Ita kanta 'yar Monroeville ce a wannan jiha, mahaifinta kuma lauya. Mai ba da labarin Scout ce, wadda ke da shekara 6 a farkonsa, da yayanta Jem da ya ba ta shekara 4, da ubansu Atticus. Da na ce yaran da sunansa suke kiransa, Husna ta tsame hannu.

"Gatsal haka? Ba Baba ba?"

Na ce gatsal. Ta ce lallai da a gidanmu ne da an sha mari. Muka yi dariya.

Atticus take son ɗauka, don ajin duka shi za su ɗauka. Ban ƙi mutumin ba. Amma yadda ya shigo labarin haka ya fita, dattijo a farko, dattijo a ƙarshe. Littafin girma ne, to sai a nemi wanda ya girma. A wurina Jem ne, kuma na gane haka ne daga kukansa guda biyu.

Na farko a babi na 7. Akwai maƙwabcinsu Boo Radley da ba ya fita, yaran gari sun mai da shi dodo. Sai su Jem suka fara tsintar abubuwa a kogon wata bishiya da ke gefen gidan: cingam, tsofaffin kwabbai, agogon aljihu da ya daina aiki, da 'yan mutum-mutumi biyu da aka sassaƙa da sabulu, kamanninsu sak. Wata safiya suka tarar yayan Boo ya toshe kogon da siminti, wai bishiyar na mutuwa. Jem ya tambayi ubansa, uban ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Yaron ya tsaya a baranda har duhu ya shiga, da ya dawo ciki Scout ta ga sawun hawaye a fuskarsa, ta rasa dalili. Na sa Husna ta wanke hannu ta karanta wurin da bakinta. Ta gama ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi ya gane wa ke ajiye kayan, ita ba ta gane ba." Na ce yauwa. Ga dabarar marubuciyar nan: ta ba yarinya bakin labari, ta bar mai karatu ya hango abin da ya wuce tunanin yarinyar.

Na biyu bayan shari'a. An zargi Tom Robinson, baƙar fata, da yi wa Mayella Ewell, farar fata 'yar shekara 19, fyaɗe. Atticus, lauyan da ke kare Tom, ya nuna cewa rauninta a ɓangaren dama na fuska yake, alamar bahago ne ya dake ta. Hannun hagun Tom kuwa ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya kama shi. Uban yarinyar, Bob Ewell, ya rubuta sunansa a gaban kotu da hagu. Jem na zaune a saman bene inda aka ware wa baƙaƙen fata, yana ta murna an gama, gaskiya ta yi halinta. A can ba alƙali ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba, mutum 12 ake ɗaukowa daga cikin jama'a, kuma a nan dukkansu fararen fata ne. Suka daɗe a ɗaki, suka fito suka ce ya aikata. Yaro ɗan shekara 12 ya tafi gida yana kuka. Daga nan ba shi ne Jem ɗin da ba. Ya hana Scout murƙushe ɗan ƙwaro. Ya ce ya fara zaton Boo da son ransa yake zaune a ɗaka. Ranar da Scout ta ɗauko masa zancen malamarsu mai zagin Hitler a aji alhali ta ji ta a ƙofar kotu tana aibata baƙaƙe, cafke wuyan rigarta ya yi ya girgiza ta, ya ce kar ya sake jin sunan kotun nan a bakinta.

Ina cikin jin daɗin bayanina Husna ta katse ni.

"To Gwaggo, shi Tom ɗin fa? Shi aka kashe, amma kukan Jem muke ta magana."

Wallahi sai da na ajiye ludayi. Sau biyu na karanta littafin nan, ban taɓa tsayawa a nan ba. Mutumin yana da mata, Helen, da 'ya'ya uku. An harbe shi a gidan yari yana ƙoƙarin tsallake shinge, harsashi 17 a jikinsa, kuma labarin ya iso mana ne a tsakiyar shan shayin matan coci. Babi ɗaya tak, na 19, muka ji muryarsa sosai, inda ya ce yana taimaka wa Mayella da aikin gida ne don tana ba shi tausayi. Wannan kalma ta tausayi ita ta nutsar da shi, don a Maycomb ba a yarda baƙi ya tausaya wa fari ba. Haka ma Calpurnia, baƙar fata mai girkin da ta reni Scout da Jem. Sai ranar da ta kai su cocinsu Scout ta san tana da wata rayuwa, da wani salon magana daban in tana cikin 'yan'uwanta. Littafin ya fi damuwa da abin da 'ya'yan farare suka koya fiye da abin da baƙaƙe suka sha. Na ce mata ta rubuta wannan a sharhinta, da sunanta, don ba ta same shi a ƙasida ba.

Alala ta nuna wajen la'asar. Ta ci biyu tana kwance rub da ciki, littafi a gaba, har ta ɗiga masa manja. Wanki dai sai gobe. Da za ta tafi ta manta ƙasidar a ƙarƙashin tabarma, ni kuma ban tuna mata ba.

Ƙarfe goma saura saƙonta ya shigo. Ta tsallaka zuwa ƙarshe, ta ce kar in yi faɗa. Ta ga inda Bob Ewell ya tare yaran da wuƙa cikin dare, ya karya hannun Jem, Boo ya fito ya cece su, Ewell kuwa ya mutu a wurin. Ta ga shugaban 'yan sandan garin ya kafe cewa Ewell faɗawa ya yi kan wuƙarsa, don kar a jawo Boo gaban jama'a, kuma Atticus, mai gaskiyar nan, daga ƙarshe ya amince. Tambayarta ita ce: in ƙaryar da ta kashe Tom laifi ce, ita wannan da ta rufa wa Boo asiri mene ne sunanta?

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Na ce mata ta kwanta, gobe in ta zo taya ni wanki ma yi magana. Na ɗauko nawa tsohon kwafin daga saman kwaba, ina babi na 30.