Kai yaran Zongo bakin teku a Elmina: yadda muke tsara yinin

Ina cikin masu kai yaran makarantun Zongon Cape Coast, a ƙasar Ghana, yawon karatu Elmina, tafiyar da ba ta wuce kilomita goma sha biyu ko sha uku ba. A farko sansanin Elmina kaɗai muke nufa, wato tsohon ginin Turawa da aka riƙa tsare bayi a ciki: a shiga, a ga kurkukun bayi, a ɗauki hoto, a dawo. Daga baya muka haɗa da gaɓar teku da tafkin Benya, muka kuma gane cewa ba agogonmu ke tsara yinin ba. Teku ne ke tsara shi.

Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne a farkon wata da tsakiyarsa, kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa. Wannan ya zo mana da sauƙi, don lissafin watan Musulunci a bakin kowane malami yake. Sai mu duba jadawalin cikowar ruwa na tashar jiragen ruwa ta Takoradi, mu zaɓi ranar da janyewar ta faɗo da hantsi. Muna sauka kan duwatsu awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa, mu hau rabin awa bayan ya juyo. Minti casa'in ke nan, ba ƙari. Wanda ya fara da sansani ya ce zai sauko daga baya, zai tarar ruwa ya rufe abin da ya zo nunawa.

Watanni ma ba ɗaya ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris muke zuwa. Mayu da Yuni ruwan sama ne, daga nan har Satumba igiyar ruwa tana da ƙarfi. Akwai kuma bikin Bakatue na mutanen garin, Talatar farko ta Yuli, wanda kafinsa ake hana kamun kifi a Benya na wasu makonni. Baƙo ba ya kai yara su yi ta tsoma hannu a tafkin a lokacin.

Yara talatin ne iyakarmu, manya shida. Biyar kowanne da yara shida, na shidan kuma ba a ba shi yaro ko ɗaya: aikinsa ya tsaya ya fuskanci teku da usur a baki. Wannan shi ne mutum mafi muhimmanci a tafiyar, kuma shi ne wanda aka fi janyewa, a ce ya zo ya riƙe bokiti ko ya ɗauki hoto. Kada a yarda. Babbar igiyar ruwa takan zo bayan ƙanana da yawa, lokacin da kowa ya sunkuya. Muna shimfiɗa igiya mai launi a kan dutse, babu mai tsallake ta, kuma babu wanka ko kaɗan. Yaro ya iya iyo a kududdufi ba shi ne ya iya da ruwan da ke ja ta ƙasa ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Kowane rukuni na da farin bokiti ɗaya, don a cikin baƙi ba a ganin komai, da gilashin ƙara girma biyu, da allo mai matse takarda, da fensir. Biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Sai firam mai kusurwa huɗu, rabin mita kowane gefe, da muke haɗawa da bututun roba na masu aikin famfo. Takalmi dole mai rufe ƙafa. Silifas kan dutse mai gansakuka faɗuwa ce. Ruwan sha lita ɗaya da rabi kowane yaro, da jarka biyu na wanke hannu da ƙafa.

Aikin kansa haka yake. A ajiye firam a wuri uku: saman dutse inda feshin ruwa kawai ke kaiwa, tsakiya, da can ƙasa kusa da igiyar iyaka. A kowane wuri a ƙirga abin da ke ciki a rubuta. A sama za su sami ƙananan katantanwa manne da busasshen dutse. A tsakiya akwai masu ɓawo kamar malfa, waɗanda da zarar an taɓa su sai su ƙanƙame dutsen. A ƙasa ciyawar ruwa ce, da kaguwa, da baƙar bushiyar teku a cikin ramuka. Ba na gaya musu dalili. Ina tambaya ne: wa ya fi daɗewa a rana ba ruwa, kuma da me ya jure? Kafin su gama firam na uku sun ba da amsa da kansu.

Abu uku ke ɓacewa a nan. Ruwan bokiti yana ɗumama cikin minti kaɗan, iskar da ke cikinsa ta ragu, ƙananan kifi da kaguwa su galabaita. A ajiye shi a inuwa, a sauya ruwan duk minti goma, a mayar da komai inda aka ɗauko. Na biyu, yara na juya dutse su bar shi a kife, abin da ke zaune ƙarƙashinsa rana ta kashe shi. Na uku ƙayar bushiya. Tana karyewa a cikin fata, matsawa kuma ƙara nutsar da ita yake. A jiƙa wurin a ruwan zafin da fata za ta iya jurewa kamar rabin awa, a cire wadda ake gani da hantsaki, in ta shiga kusa da gaɓa a tafi asibiti. Shi ya sa fulas ɗin ruwan zafi ke cikin akwatin taimakon gaggawa.

Gwajin gishiri sai da ya ba mu kunya kafin muka gyara. An saba cewa ƙwai na tasowa a ruwan gishiri, to sabon ƙwai nutsewa yake a ruwan teku, don gishirinsa kusan giram 35 ne a lita, bai kai ba. Yanzu kofi uku muke jerawa: ruwan famfo, ruwan teku, da ruwan da muka roƙo daga masu haƙar gishiri a bayan tafkin. A na ukun ƙwan yake tasowa. Busar da lita guda a tire kuma kwanaki yake ci a wannan laima, don haka cokali ɗaya muke zubawa a baƙin faranti tun da safe, kafin azahar ya bar farin tabo.

Daga duwatsu muna hawa tudun St. Jago, inda wani sansanin na daban yake, kuma a ganina nan ne darasin yake haɗuwa. Daga sama yaro na ganin komai lokaci ɗaya: dutsen da Turawan Fotugal suka kafa sansaninsu a kai a 1482, bakin Benya inda kwale-kwale ke fakewa har yau, filayen gishiri, da itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda 'ya'yan kifi ke girma a saiwoyinsu. Sai a tambaye shi me ya sa aka gina a nan. Daga wannan tudun ne mutanen Holan suka yi luguden wuta suka ƙwace sansanin Elmina a 1637, kafin ya koma hannun Ingila a 1872. Tsuntsaye ma daga nan aka fi ƙirga su. Balbela da shirwa da hankaka yara sun san su. Fararen masu tsinin fiffike da ke faɗawa ruwa su ne baƙin, da yawansu daga Turai suke zuwa cin rani.

Filin da ke gaban sansanin Elmina shi ne tsohon garin da Ingilishi suka rushe da igwa a 1873. Yara kan tsinci fasassun tukwane da guntun lofe a wurin. A duba, a zana, a bari a inda yake. Muna duba aljihu kafin a shiga mota.

Cikin sansanin muna shiga kashi biyu, sha biyar sha biyar, bayan mun kai takarda mako biyu kafin ranar. Kurkukun akwai duhu da zafi da ƙarancin iska, don haka mai asma yana tsayawa bakin ƙofa, 'yan ƙasa da shekara goma kuma ba ma kai su. Muna roƙon mai zagayawa da mu ya nuna musu ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896. Bayan mun ga ƙofar da ba a dawowa, wadda ta nan aka riƙa fitar da bayi zuwa jirgi, ba ma sa wani aiki. A zauna a inuwa minti ashirin, a sha ruwa, mai tambaya ya yi. Tambayar da ta fi zuwa ita ce ko akwai mutanenmu na arewa cikin waɗanda aka fitar, kuma amsar gaskiya ake ba su: akwai, kuma akwai kasuwanni irin Salaga da aka sayar da mutane a cikinsu.

Sharar gaɓa ba ma haɗa ta da wannan yinin, gajiya ta yi yawa. Ranar Talata muke sa ta a lokacin hutu, don masunta ba sa fita teku ranar, kuma sai an gaida sarkin masunta an nemi izini tukuna. Safar hannu ga kowa, buhu biyu ga kowane rukuni, ɗaya na ledar ruwa da robobi, ɗaya na guntun koma. Kwalba fasasshiya da allura babba ne kaɗai ke ɗauka. Kuma a daidaita da mai kwashe buhunan tun kafin a fara, don buhun da ya kwana a gaɓa cikowar dare na mayar da shi teku.