Mujalla mai take biyu ko uku: yadda muke shigar da ita

Aikin ɗan kamfaninmu a nan Maradi shi ne tsara kundin ɗakunan karatu na makarantu da ƙungiyoyi, kuma mujallu sun fi littattafai cin lokaci. Littafi sau ɗaya ake shigar da shi. Mujalla kuwa tana ta fitowa, takenta na iya sauyawa, sau da yawa ma da Faransanci da Hausa da Larabci a shafi guda.

Dokar ISBD muke bi, wato ƙa'idar duniya ta bayyana littattafai da mujallu a kundi, muna cike gurabun UNIMARC, tsarin shigar da bayanan a kwamfuta inda kowane gurbi ke da lambarsa. Ana ɗaukar take daga fitowa ta farko da ke hannu, daga shafin take, in babu sai bango ko kan shafin farko. Taken da ke cikin harshen da aka rubuta yawancin mujallar shi ne babban take; in ba a iya tantance hakan ba, sai wanda aka buga da haruffa mafi girma, in girmansu ɗaya a ɗauki na farko. Ya shiga gurbi na 200, sashen $a. Na ɗayan harshen ya shiga $d, a kati kuma alamar = ke raba su, da tazara gaba da baya. A sake rubuta wannan take na biyu a gurbi na 510 domin mai nema da harshensa ya same shi, a sa lambobin harsuna a 101: fre, hau, ara.

Abin da nake nanata wa sababbin ma'aikata: abin da ido ya gani ake kwafa. Ba a fassara take. Tsohon bugun da bai sa lanƙwasar ƙ da ɗ ba, a bar shi haka, a ƙara gyararren a matsayin wata hanyar nema. "Le" na Le Sahel ana rubuta shi, amma a jere ƙarƙashin S yake.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne sauyin take. In mawallafa sun juya tsari kawai, Hausa ta hau sama Faransanci ya sauko, kati ɗaya ne, sai a sa bayani. In kalma mai ma'ana ta sauya cikin biyar na farko, sabon kati ke nan da sabuwar lambar ISSN (lambar shaidar mujalla ta duniya) mai alƙaluma 8, a haɗa shi da tsohon. Wanda ya rikita waɗannan biyu ya raba mujalla ɗaya gida biyu, ɗalibi ya zo neman fitowar 2015 a ce masa babu, alhali tana kan kanta.