Rigar sanyi mara nauyi da kwarashi: yadda mai koyo za ta fara

Sanyin Gusau ko Birnin Kebbi a Disamba da Janairu na safe ne da dare. Kafin azahar rana ta buɗe, mai sanye da riga mai kauri ta fara neman inda za ta ajiye ta. Shi ya sa rigar da ta fi amfani a nan ita ce wadda za ta shige ƙarƙashin hijabi ba ta takura ba. Kwarashi kuwa ya fi saƙar allura biyu cin zare da kauri, don haka tun daga zaɓen zare ake rage nauyi.

Ki nemi zare matsakaicin siriri, na auduga ko wanda aka gauraya auduga da na roba, da kwarashi mai lamba 4mm. Babbar mace mai matsakaicin jiki za ta ci giram 400 zuwa 450. Ki saye shi duka lokaci guda, domin kala ɗaya ma takan ɗan bambanta daga rini zuwa rini, sai an haɗa rigar bambancin ya fito. Baƙi da shuɗi mai duhu ki bar su tukuna, ba a ganin idon saƙa a cikinsu.

Saƙa iri ɗaya ta isa: doguwa. Ki naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, ki soka a ido, ki jawo, sannan ki fitar da madaukai biyu-biyu har ɗaya ta rage.

Kafin komai ki saƙa gwaji, faɗin tafin hannu da ɗan ƙari, ki wanke, ya bushe, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Nan ne masu koyo ke yin ƙiwa, nan ne kuma riga ke lalacewa, domin hannun kowa da irin matsinsa. A ce kin samu ido 16. Ƙirjinki kuma santimita 90 ne, ki ƙara 10 don sakewa, ya zama 100. Gaba 50, baya 50, wato ido 80 kowanne. Da hannunki ya fi sakewa, ido 14 ke cika santimita 10, waɗannan 80 ɗin za su ba ki faɗin 57, rigar ta zame daga kafaɗa.

Ƙyalle huɗu za ki saƙa, duk masu kusurwa huɗu: gaba da baya tsawon santimita 55, hannaye biyu faɗin 40, tsawon kamar 42. Sarƙar farko, wato jerin madaukan da ake kafa saƙar a kansu, ki yi ta da kwarashi 5mm, in ba haka ba gindin rigar zai tsuke ya lanƙwashe. Kowane layi ki fara shi da sarƙa 3, ki ƙirga su a matsayin ido ɗaya. Idan kin ga gefe yana karkacewa ciki, kin tsallake idon ƙarshe ne, wanda ke saman sarƙa ukun nan. Ki saƙala guntun zare mai wata kala a wurin, kuma ki ƙirga bayan kowane layi. Warware layi biyu ya fi warware ashirin sauƙi.

Wajen haɗawa, ki ɗinka kafaɗu santimita 13 kowane gefe, ki bar 24 a tsakiya don wuya, ki gwada kai ya shiga kafin ki ɗaure. Tsakiyar hannu ta dace da ɗinkin kafaɗa, sannan ki rufe daga wuyan hannu zuwa hammata har ƙasa.

Wanki da hannu, ruwan sanyi, ba murɗawa. A shimfiɗa ta a inuwa kan zane mai tsabta, domin auduga mai jiƙe idan an rataye ta a igiya sai ta miƙe ta yi tsawo. Idan akwai roba a zaren, kada dutsen guga ya taɓa ta, zai narkar da zaren ya bar tabo mai ƙyalli.