Hanyar Bauchi da Hilux mai koren lamba

Shekaranjiya muka dawo daga Bauchi ni da Yayana, har yanzu wuyana bai gama sakewa ba. Ɗaurin aure ne ya kai mu. Mun bar Kano bayan sallar asuba a Corolla ɗinsa, muka bi ta Wudil, muka karya a Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, daga Babaldu muka kama hanyar Ningi lafiya lau.

Kamar tafiyar rabin awa bayan Ningi, a wata kwana, sai ga farar Hilux ta fito daga bayan tirela tana son wuce ta, ta shigo hannunmu gaba ɗaya. Yaya ya kauce har ƙafa biyu suka sauka daga kwalta, duk da haka ta kwashi gefen hagu na gaba: fitila ta tarwatse, bamba ya rataye, fenda ta lotsa ta danne taya. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo sai ni da na ɗan gurɗe. Ina fitowa lambarta na fara dubawa. Rubutu kore ne a kan fari, wato motar gwamnati. Ta gida shuɗi ce, ta haya ja.

Babban da ke kujerar baya bai ko sauko ba. Gilashi ya zuge rabi ya ce, "Ku matsar da motocin nan, ina da taro. Ga lambar waya, ku kira ofis ranar Litinin." Ko sannu babu. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, babu motar da za ta motsa sai hukuma ta zo." Da mun yarda da mun shiga uku, don da zarar an janye mota daga inda ta tsaya, babbar hujjarka ta tafi, sai maganarka da tasu, su kuma suna da ofis da lauya.

Kafin kowa ya iso muka ɗauki hotuna: daga nesa yadda za a ga Hilux ɗin a cikin hannunmu, sawun birki a kan kwalta, inda gilashin fitila ya zube, lambobin motocin biyu, da tambarin da ke jikin ƙofar. Muka rubuta sunan direban daga lasisinsa da katin aikinsa, muka karɓi sunaye da lambobin mutum biyu da abin ya faru a idonsu. Sannan muka kira 122, layin hukumar kiyaye haɗura, aka kuma aika ɗan acaɓa ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ɗan sandan da ya zo ya auna wurin, ya zana yadda motocin suke. Kada ka sa hannu a zanen nan sai ka duba shi da kyau, musamman layin tsakiyar titi da inda aka nuna an yi karon. Bayan shi akwai rahoton VIO, wato jami'an duba ababen hawa, kan lafiyar motocin, birki da taya da sauransu, sai rahoton 'yan sanda. Waɗannan takardu uku su ne jarinka.

Mutanen ƙauyen kuwa sun ba ni kunya ta alheri. Wani dattijo ya shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, ya sa aka kawo fura da nono a ƙwarya, ya ce, "'Ya'yana, ku sha, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na miƙa kuɗi ya ɓata rai. A Kano da tuni mutum ɗari sun zagaye mu da waya a hannu, kowa na yanke hukunci, mai ruwan leda kuma ya ƙara farashi.

Direban ne ya ba ni tausayi. Ya ja Yaya gefe yana cewa, "Alhaji, don Allah a kashe maganar a nan." Ya san idan ta kai ofis aka same shi da laifi ana iya yankar kuɗin gyara daga albashinsa, alhali na bayan ne ke ce masa ya taka. Sulhu ba laifi ba ne, amma a rubuce: me ya lalace, nawa ne, wa zai biya, yaushe, da sa hannun shaidu a gaban 'yan sanda. Abin da ya iya tayawa ko fitila ba zai saya ba, don haka muka bi hanyar ofis.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Inshorar dole da aka mayar naira 15,000 tun farkon 2023, mai biyan ɓarna har miliyan 3, ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buge take gyarawa. Tunda mu aka buga, inshorar Hilux ɗin ce abin nema, kuma babu takardarta a cikin motar. Sai a rubuta wa shugaban ma'aikatar wasiƙa, a ba jami'in kula da motoci kwafe, a haɗa hotuna da rahotanni da ƙiyasin bakanike a takardarsa mai suna da adireshi. A kai hannu da hannu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafen da za ka riƙe. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aiki, wasu hukumomin ma sai ka ba su sanarwar wata guda kafin ka je kotu. "Ka dawo mako mai zuwa" sau goma sha uku ya cinye wata ukun. Idan wata ɗaya ya wuce shiru, lauya za a nema.

Wani bakanike daga Ningi ya ɗaga fendar da ƙarfe, ya ɗaure bamban da waya, muka lallaɓa muka shiga Bauchi da la'asar, an riga an shafa fatiha. Masar Bauchi dai ta ci sunanta, ta fi tamu laushi da arha. Kayan mota kuwa tsada, fitilar da aka yi mana kuɗi a can mun san za mu same ta ƙasa da haka a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sai muka haƙura.

Kwana biyu muka yi. Ranar Litinin muka kai wasiƙar aka buga mana hatimi, muka dawo da rana tsaka saboda fitila ɗaya gare mu. Yaya ya zagaye ranar da wata ukun zai cika a kalandar ɗakinsa.