Yadda muke haɗa C++ da Python don masu injin shinkafa a Kura

Kamfaninmu ƙarami ne, a garin Kura yake, kuma yawancin abokan cinikinmu masu injin gyaran shinkafa ne. Manhajar awo da lissafi muke yi musu. Abubuwan da mai inji yake gani a fuskar kwamfuta, irin agogon sikeli mai allura da teburin ƙidayar buhuna, mu muka ƙera su da harshen rubuta manhaja na C++ a kan Qt, wato kayan aikin ƙera fuskar manhaja, domin kwamfutocin nan tsofaffi ne na hannu, ba sa jure manhaja mai nauyi.

Sai dai kowane mai inji da tsarinsa. Alhaji wane a kan buhu yake karɓar kuɗin gyara, maƙwabcinsa a kan kilo, wani kuma sai an cire masa nauyin buhun kansa kafin a yi lissafi. Da a ce kowane canji sai an koma C++ an sake harhaɗa manhajar, da ba mu kai ko'ina ba. Shi ya sa muke rubuta mahaɗi, wanda ke ba Python, harshen da ake sauya rubutunsa ba sai an sake harhaɗawa ba, damar kiran agogon nan, ta ba shi lamba, ta saurari abin da ya faɗa.

PySide6, wanda ke haɗa Python da Qt, muke amfani da shi, tare da Shiboken, wanda ke karanta bayanin da muka rubuta a fayil ɗin XML ya fitar da mahaɗin. PyQt, mai irin wannan aikin, ma yana da kyau, amma lasisinsa GPL ne, mai tsauraran sharuɗɗa, ko kuma ka biya kuɗi, na PySide kuwa LGPL ne, mai sassauci, ya fi dacewa da aljihunmu.

Inda aikin yake cin lokaci shi ne tantance mai abu. Python tana share duk abin da ta ga ba wanda ke riƙe da shi. Qt kuma idan ta share taga, takan share duk abin da ke ƙarƙashinta. To agogon sikeli na wa ne? Kamar akuyar da aka bayar kiwo ne: in ba a faɗi mai ita tun farko ba, ranar sayarwa za a yi rigima. Idan ɓangarorin biyu suka share abu ɗaya, manhaja ta faɗi ana tsakiyar awo, manomi na tsaye da buhunansa. Don haka duk wani aiki da ke miƙa abu daga wannan ɓangare zuwa wancan, sai na zauna na rubuta mai shi a XML ɗin, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba na barin wa kowa.

Sauran kuwa yaranmu ke yi. Wanda ya koyi Python na 'yan watanni zai iya sauya farashi ko tsarin rasit. Lokacin kaka, in mai inji daga Bunkure ya kira, sai a gyara ɗan fayil a tura masa ta WhatsApp, ba sai wani ya hau babur ba.