Godiya ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Wasanmu

Assalamu alaikum. A madadin masu ba da umarni da masu tsara dandamali, muna miƙa godiya bayan kammala wasan kwaikwayon ɗalibai na wannan zango, wanda aka nuna dare 3 a jere. Wasan barkwanci ne mai ɗaci: maigida ya rasu, iyalansa suna zaman makoki, amma hankalin kowa yana kan makullin akwatin da takardar fili take ciki.

Godiya ta farko ga 'yan wasa 9 da suka jure makonni 6 na gwaji. Abin da ya fi wuya a irin wannan wasa shi ne ɗan wasa ya hana kansa neman dariya. Da zarar mai fitowa a kawu ya nuna ya san abin da yake yi abin dariya ne, ya kashe fitowar. Dole ya karɓi gaisuwa da fuskar jimami na gaske, hannunsa kuma yana laluben ƙarƙashin tabarma. Sun kuma koyi jiran dariya: ba a magana a tsakiyarta, don layin zai ɓace, ba a kuma bari ta mutu gaba ɗaya. Ana shigowa ne lokacin da ta fara sauka. Wannan ba ya samuwa a ɗaki babu kowa, shi ya sa muke gode wa ɗalibai 30 da suka zauna mana a gwajin ƙarshe, har muka gano wurare 4 da ake dariya ba mu zata ba.

Malamanmu, Allah ya ƙara girma. Shawararku ce kada a nuna gawa ko makara, a fara labarin bayan an dawo daga maƙabarta. Takalman mamacin a bakin ƙofa da butarsa sun wadatar, kuma babu wanda ya ji an wulaƙanta mutuwa.

Baba kafinta, Allah ya saka da alheri. Bango 5 ya haɗa mana, kowanne ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, da tokare ta baya da buhun yashi a kan kowane tokare. Bangon da ke da ƙofa an raba shi da sauran, domin in an haɗe su, duk sanda aka buga ƙofa sai ɗakin gaba ɗaya ya girgiza, mutane su yi dariya a inda ake son shiru.

Masu haske sun sha aiki. Fitila 3 masu wat 1000 da na'urar sauti sun fi ƙarfin ƙaramin janareta, don haka aka koma fitilun LED masu ƙarancin cin wuta, aka kuma kai janaretan nesa da doguwar waya saboda ƙara. Fararen riguna suna ƙyalli a ƙarƙashin fitila har fuska ta dushe. Telarmu ta jiƙa su a ruwan shayi suka yi duhu kaɗan, Allah ya biya ta. Mai kula da dandamali ta riƙe umarnin haske da sauti 42 a takarda ɗaya, ta manna tef mai haske a duhu a gefen matakala don kada wani ya faɗi idan an kashe fitilu.

Iyayen da suka bar 'ya'yansu suna kaiwa dare a gwaji, da 'yan kallon da suka cika kujeru, mun gode ƙwarai.

Waɗanda suka ara mana tabarmi, kwanuka da akwatin ƙarfe, kayanku suna ofishin sashe, an rubuta sunan kowa a jiki. A zo a karɓa kafin Juma'a, in Allah ya yarda.