Ƙoƙon Kan Simon Sudbury

Na ziyarci cocin St Gregory da ke garin Sudbury a Ingila, inda aka ajiye ƙoƙon kan Simon Sudbury, babban limamin Kantabari tun 1375, wanda ya naɗa Richard na Biyu sarauta a 1377. A 1380 ya zama waziri mai riƙe da hatimin sarki, shekarar da majalisa ta ƙara ɗora wa talakawa haraji a kan kowane mutum. A ganina, haɗa limanci da mulki ne ya jawo masa baƙin jini, domin da manoma suka yi bore a 1381, sai suka fito da shi daga Hasumiyar Landan, suka fille masa kai ranar 14 ga Yuni. Gangar jikinsa kuwa a Kantabari aka binne ta.